Kyauron Ƙugu

A Kwun Tong, bene hawa na tara,
ina da shekara goma sha biyar
aka ba ni kujera da kwano cike da ƙafafu.
Na hagu zalla.
Na dama suna wajen Siu-ngo.

Shugaban layi ya ɗaga yatsa:
"Kada in ji bakin kowa ya ce 'yar tsana.
Masu oda sun hana.
A ƙasarsu ɗa namiji ba ya riƙe 'yar tsana,
wannan soja ne mai motsi."
Muka ce to.
Yana juya baya Siu-ngo ta sami ƙyalle
ta goya sojan, tana yi masa rarrashi.

Kafin namu, sojan wasa na dalma ne,
a ƙame, kamar wanda aka daka wa tsawa,
wanda aka zuba a durƙushe, a durƙushe zai tsufa.
Namu kuwa gwiwa tana lanƙwasa,
wuya yana waiwaye,
hannu ya kai goshi ya sara wa yaron da ya saye shi.
Asirin duka kyauro ne guda,
baƙi, ɗan mitsitsi, a cikin ƙugu,
ya kama ƙirji ta sama, ya kama cinyoyi ta ƙasa.
Ni ce mai saƙala shi.
Dubu biyu kafin a busa tashi.

Warin narkakkiyar roba ya bi ni gida,
ya shiga gashina, ya shiga shinkafa.
Uwata ta ce ko miyar kifi na sa wa hannu
sai ta ji ɗanɗanon soja.

Da yaƙi ya gundure iyayen can ƙetaren teku
aka tuɓe masa kaki,
aka manna masa gemu, aka ba shi igiyar hawa dutse.
Da mai ya yi tsada, roba ta bi sahu,
ƙaton da ke cika kwali ya tsuke
ya koma tsawon tafin hannuna.
Daga baya ya zama ɗan sama jannati,
ya zama dodo mai kan ƙadangare.
Su dai canza fuska.
Ciki ni na san shi.

Wata safiya muka tarar ana kwance injuna,
za su tsallake iyaka, can hannu ya fi araha.
Siu-ngo ta tafi wanke kwanuka a gidan shayi.
Ba mu yi sallama ba, ruwa ake yi.

Jiya jikana Wing-cheung ya kai ni Mong Kok.
Maza masu furfura sun yi layi gaban gilashi
suna leƙen abin da na harhaɗa ina hamma.
Wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi tsada.
Shekara arba'in da gwiwa
bai durƙusa ko sau ɗaya ba!
Na karanta farashin sau biyu.
Albashina ne na wata uku, har da na dare.

Yaron ya sayi mai araha, a cikin leda,
ƙirji daban, ƙafafu daban,
kyauron ya bushe ya farfashe kamar ƙanzo.
Ya ce, "Kaka Yuk-lin, kin iya?"

Yatsuna sun kumbura, sanyin ƙashi ya ci su,
tsinken cin abinci ma gardama yake yi mini.
Na sa tabarau. Na karɓi hantsaki.
Sau huɗu yana suɓucewa,
a na biyar na ji ɗan ƙas ɗin nan
da na yi shekaru ban ji ba.

Ya tsaya a kan tebur, kusa da butar shayi,
ya ɗan karkace dama.
Na juya shi, na duba ƙafar.
Ƙusar ba ta shige daidai ba.
Kullum sai na gaya wa Siu-ngo ta rage sauri.